Mi Kac Ce? Takarda Zuwa Ga Taubashina Na Shagari

Ɗan gwaggo, salamu alaikum. Na san ba za ka amsa ba, domin tun da watan jiya ya kama babu wanda ya yi maka sallama ka amsa masa a karo na farko. Shi ya sa na biyo ta takarda, tunda har yanzu ba ka samo robar toshe ido ba.

Ranar sunan da aka yi a gidanmu na Bodinga ne abin ya fito fili. Ka sauko daga kan kabu-kabu, babbar riga ta sha sitaci, hula ta karkace, ga wasu igiyoyi biyu sun zagayo ta bayan kunnuwanka sun nutse cikin wuyan riga. Baba, wato kawunka, yana zaune a ƙofar zaure, ya yi maka barka da zuwa har sau uku. A na ukun ne ka juyo ka daka masa tsawa kamar mai kiran raƙumi daga hayin fadama: "Mi kac ce?" Tsofaffin cikin gida suka leƙo. Inna ta kama haɓa, ta tambaye ni a hankali ko rashin lafiya ka yi har aka koma yi maka ƙarin ruwa ta kunne. Na ce mata a'a, lafiyarka ƙalau, kuɗi ne suka ɗan shigo maka.

Da aka zauna cin tuwo na ce maka wannan iyafis ɗin naka ya yi kyau, sai ka ɓata rai. Wai kai ba iyafis ka sa ba. "Wanga monita na, irin wanda mawaƙan Turai ka sawa." To, madalla. Ni dai monitan da na san ka sani shi ne na ajinmu na firamare, wanda sunanka ba ya taɓa fita daga takardarsa ta masu surutu.

Amma bari in yi maka adalci, ko da yake ba ka saba yi mini ba. Sunan da ka faɗa yana da asali. A da, mawaƙi in ya hau dandamali, akan jera masa lasifikoki a gaban ƙafafunsa suna fuskantarsa, don ya ji muryarsa da ta makaɗansa a cikin hayaniyar jama'a. Kowa na son a ƙara masa nasa, ƙara ta haɗu da ƙara, a tashi wasa kunnuwa na kuka. A shekarar 1995 wani mai haɗa sauti a Amurka, Jerry Harvey, ya ƙera wa mai gangar ƙungiyar Van Halen wani ɗan abin sawa a kunne da zai toshe hayaniyar waje ya kawo masa sautin da yake buƙata kai tsaye. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Irin waɗancan sai an zuba wani abu mai kama da ƙullu a kunnen mutum an ɗauki siffarsa, sannan a ƙera masa nasa shi kaɗai, kuma masu kyansu kan haura dala 1,000. Kai kuwa ka ce naka naira 2,500 ka saya, har da ragin 200 saboda mai kayan ya ga kana da kwarjini.

Ba ina nufin duk mai araha banza ba ne. Kakanninmu sun ce araha ba ta ado, amma ba su ga abin da masana'antun Sin suka yi a 'yan shekarun nan ba. Kamfanoni irin su KZ da Moondrop sun cika duniya da 'yan kunnen sauraro masu sauƙin kuɗi, har a 2022 Moondrop ya fitar da wani mai suna Chu a kan dala 20, masu bin diddigin sauti suka yi ta yabonsa. Nan gida kuwa kowa ya san Oraimo, ɗan ɗakin Tecno da Infinix da itel, duk 'ya'yan kamfanin Transsion na birnin Shenzhen. Talaka yanzu zai iya jin sautin da a da sai mai hali. Da a ce ɗaya daga cikin na gaske ka sayo, daga shagon da aka sani a Sakkwato ko a kasuwar waya ta Fam Santa a Kano, da sai in nemi wani abin tsokanar, wanda kuwa ba ya wuyar samu a jikinka.

Naka fa? Lokacin da ka shiga alwala ka bar kwalin a kan tabarma, na ɗauka na duba. Sunan da ke jikin kwali daban, wanda ke jikin abin daban, harafi ɗaya ya yi tafiya bai dawo ba. An rubuta wai lasifika takwas ke cikin kowane kunne. Na ɗaga shi a rana, da yake jikinsa garau yake kamar kwalba, na ƙirga na sake ƙirgawa, ɗaya na gani, sai fili fetal kamar gonar da aka girbe. Ka ce a tasha ka saya wurin wani mai tire, mota tana shirin tashi, ka miƙa kuɗi ta taga ya miƙo kwali. Cinikin biri a sama ke nan, kuma kai ka fi kowa sanin birin bai sauko ba.

Duk da haka, lasifika ɗaya ba abin kunya ba ne. Chu ɗin da na ambata ma ɗaya gare shi. Abin da ke ciki ɗan tantani ne da faɗinsa bai wuce milimita 10 ba, da ɗan naɗin waya siririya, da mayen ƙarfe. Wuta ta bi ta wayar, tantanin ya yi rawa, iska ta motsa, dodon kunne ya karɓa. Kalangu ne ƙarami, in ka cire makaɗin. Akwai wani nau'in kuma da bai fi ƙwayar shinkafa ko wake girma ba, wanda aka aro daga na'urar taimakon masu ƙarancin ji, shi ake jerawa biyu ko uku ko fiye a cikin masu tsada. Yawansu ba shi ne daɗi ba. Makaɗi ɗaya gwani ya fi taron goma da kowa ke bugun gabansa, kuma ka sha ganin haka a bikin ƙauye.

Yanzu ga inda laifin ya bar mai tire ya dawo kanka. A cikin kwalin akwai wata 'yar leda da aka sa hulunan roba kala uku, ƙarama da matsakaiciya da babba. Na tambaye ka ina suke, ka ce ai ka ga ba su da amfani, ka ba yara, kuma biyu daga ciki yanzu suna rufe bakin bawul ɗin keken ɗanka. Ɗan gwaggo, rabin kuɗinka ke nan ka ɗaura wa taya. Wannan irin abin sauraro gaba ɗaya aikinsa a kan toshewa yake. In robar ba ta cika ramin kunne ta like ba, amon nan mai kauri, dum-dum ɗin da kake nema, ta gefe yake zurarewa, kamar ruwa a gugar da ta huje. Abin da zai rage maka sai ƙara siririya kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. Kai kuma ƙaramar robar da ta zo a jiki ka bari, alhali Allah ya hore maka kunnuwa irin na dangin ubanka, waɗanda tun muna yara muke fakewa a inuwarsu. Ramin kunnen mutum tsawonsa wajen santimita biyu da rabi ne, faɗinsa kuwa kowa da nasa, har na dama kan bambanta da na hagu a mutum guda. Wani sai ya sa babba a ɗaya, matsakaiciya a ɗaya, kafin abin ya zauna. Alamar ya zauna ita ce ka ji hayaniyar waje ta ja baya, muryarka kuma ta dawo maka cikin kai kamar mai magana a cikin randa.

Da na ce maka sautin bai yi ba, ka ce in faɗa maka da me ake auna shi. Ba sai da na'ura ba. Ka sa abin da kunnenka ya sani tun kana goye. Ka sa Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, ka rufe ido. In abin kirki ne, za ka ji kotso a wurinsa, ka ji muryar maigida a gaba, ka ji 'yan amshi sun shigo a bayansa har ka kusa ƙirga su. In na banza ne, duk za su cure su zama dambu, ka rasa wa ke waƙa wa ke karɓi. Ka sa Ɗan Anace ka ji ko kalangun yana magana ko kuwa buga ƙofa yake yi. Sannan ka sa karatun Alƙur'ani na makarancin da ka saba da shi, ka ji ko kana rarrabe sinun da sadi ba tare da ka yamutsa fuska ba, domin akwai masu sautin da ke kaifafa irin waɗannan haruffa har su riƙa sukar kunne kamar allura. Kunnen yaro mai lafiya yana kama motsin iska daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma shi ramin kunne da kansa yakan ƙara wa sautin da ke kusa da 3,000 ƙarfi, kuma a wannan yankin ne tsabtar magana take. Mai ƙera abin kirki a nan yake zuba hankalinsa. Mai ƙera na tire kuwa dum-dum yake cikawa, don ya san da shi ake kama irinku a cikin minti ɗaya kafin mota ta tashi.

Na sa naka a kunnena, bayan na goge shi da gefen riga sau bakwai. Narambaɗa ya fito kamar an kulle shi a rumbu an liƙe ƙofar da laka. Sai dai a nan ma ba zan ɗora wa abin laifi duka ba. Waƙoƙin da ke cikin wayarka wurin masu tura waƙa na bakin kasuwa ka samo su, su ma daga wani tsohon kaset aka kwaso, aka matse, aka tura ta WhatsApp, wani ya sake turawa, har ta iso gare ka ta rame kamar saniyar bazara. Ko na dala 1,000 ka sa mata, ramarta zai ƙara nuna maka.

Sai maganar zama a kunne, wadda masu rubuta yabon waɗannan kaya a ƙasashen sanyi ba su san rabinta ba. Su zo Shagari a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, su cusa roba a kunne su zauna ƙarƙashin dogon yaro. Gumi zai taru a bayan robar, ta fara santsi tana fitowa da kanta, ƙaiƙayi ya biyo baya. Masu jikin ƙarfe sun fi kyan gani da ƙarko, amma ka bar su a kan kujerar mota da rana ka ga yadda za su yi maka lalas. Akwai hulunan soso masu laushi da ake matsawa a sa su kumbura a ciki, sun fi toshewa, sun fi daɗi ga wasu, sai dai suna shan gumi kuma ba sa daɗewa. In hunturu ya shigo kuma ƙura ce za ta haɗu da dauɗar kunne ta liƙe 'yar ragar da ke bakin abin. Wannan shi ne dalilin da ya sa kunne ɗaya kan yi ƙasa, mai shi ya yi ta zagin kamfani. Naka na hagu haka yake, na gani da idona, kuma abin da na gani ba zan rubuta shi a jarida ba saboda masu karatu suna cin abinci. A cire robar a wanke ta da ruwa da sabulu, a bar ta ta bushe, a share ragar da busasshen buroshin haƙori. Ban ce ka soka mata tsinken tsintsiya ba, ban kuma ce ka ɗauko gashin kazar da kake sosa kunne da shi ba.

Kuma don Allah ka daina rabon kunne. Na ga hotonka a teburin mai shayi, ɗaya a kunnenka ɗaya a kunnen abokinka, kun karkata kai wuri guda kamar shanun huɗa, kuna sauraron wasan ƙwallo. Abin da ya shiga ramin kunnen wani ya fito ya shiga naka, ba sauti kaɗai yake kawowa ba. Buroshin haƙorinka ma haka kake ba da aronsa?

Abu ɗaya na yaba maka, kuma ka rubuta ranar don ba zai sake faruwa ba: ka zaɓi mai igiya. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, duniya ta koma yayin marasa igiya, kowa na yawo da farin abu a kunne kamar an ɗiga masa nono. Suna da daɗin sha'ani, amma batir gare su, batir kuwa ci yake so, kuma ni da kai mun san sau nawa wuta ke leƙo mu. Mutumin da ke biyan mai caji don wayarsa ba ya buƙatar ƙarin baki biyu da zai ciyar. Ga shi in ɗaya ya faɗi a gonar gero, sai dai a yi masa addu'a. Mai igiya ba ya neman caji, kuma masu kyan cikinsu igiyar cirewa ake yi, in ta tsinke ka sayi wata ka maƙala. Taka dai na ga an riga an yi mata ɗauri da baƙin salatif a wuri biyu.

Yanzu ka gyara zama, wannan ba wasa ba ne, ko da yake daga bakina ya fito. Ranar sunan, ina zaune kamu uku daga inda kake, ina jin waƙar da ke cikin kunnenka har ina iya bin amshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai 90, awa 4 kacal ke gare shi a makon gaba ɗaya. Ta kuma ce matasa fiye da biliyan 1 ne a duniya ke cikin haɗarin lalata jinsu ta irin wannan sauraro. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, cike da 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke mayar da motsi ya zama ji. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Kukan gyaren nan da ka ce kana ji da dare in ka kwanta, wanda ka fassara da cewa wai ana ambatonka a wani wuri, babu mai ambatonka sai masu binka bashi. Gargaɗi ne kunnen ke yi maka. Abin haushin shi ne, da ka sa robar da ta dace, da hayaniyar waje ta ragu, da ba ka buƙaci ƙure ƙarar ba. Hular da ke kan bawul ɗin keke ita ce maganin.

Sai dai toshewar nan tana da wurin da ba a yin ta. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Bodinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega, ka san irin tireloli da tankokin da ke bin ta dare da rana. Mutum ya hau babur a kan wannan titi ya liƙe kunnuwa biyu, direba na danna oda a bayansa shi yana can tare da Ɗanƙwairo. Gwaggo ɗa namiji ɗaya gare ta, ko da yake ba wani na a zo a gani ba ne. Ka cire su in za ka hau titi.

Na san abin da za ka ce, don kullum nan kake fakewa in gardama ta ci ka: wai ku ne kuka ba Nijeriya shugaban ƙasa. Gaskiya ne, Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa, ya karɓi mulki ranar 1 ga Oktoba 1979, wata uku bayan Sony ya fitar da Walkman a Japan, rediyon kaset ɗin da ya koya wa duniya yawo da waƙa a kunne. Amma kafin siyasa malamin makaranta ne, kuma ka san abin da malamin makaranta na wancan zamani zai yi wa ɗalibin da aka kira sau uku ya ce "mi kac ce". Mu kuwa a nan ƙasar Bodinga, a Sifawa, Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa har zuwa 1815 kafin ya koma Sakkwato, ƙaninsa Abdullahi yana nan Bodinga. Jama'a suka riƙa tahowa daga nesa su zauna a ƙasa su kasa kunne, babu lasifika babu igiya. Sauraro gadonmu ne. Ku dai a bar ku da madatsar ruwa da kifi.

Duk wannan dogon bayani na shirya shi ne ina tausayinka, ina cewa taubashina ya kusa kurumcewa. Sai da la'asar ta yi, ka miƙe za ka tafi, ka sa hannu a aljihu za ka ciro goro, kan igiyar ya biyo hannunka ya faɗo yana lilo. Ba a jone yake da komai ba. Ashe tun bayan azahar wayarka tana wurin mai caji a bakin titi. Awa biyu cur ka yi kana gyaɗa kai kana lumshe ido, babu abin da ke cikin kunnenka sai roba. A cikin awa biyun nan ne na yi maka maganar naira 15,000 da ka ranta tun kafin Babbar Salla, ka ce "mi kac ce". A cikinsu ne mai ɗinkinka ya aiko yaro, ka ce "mi kac ce". Amma da Inna ta raɗa wa ƙanwata a can ƙuryar ɗaki cewa a ɓoye sauran soyayyen naman kada baƙi su gani, daga zaure ka ɗaga murya ka ce a sa maka naka a leda. Kunnen uwar shegu dai an daɗe ana yin sa kyauta, kai ne na farko da na ga ya saye shi naira 2,500.

Saboda haka ga abin da za a yi. Ranar Juma'a mai zuwa ka shigo Bodinga da abin naka, ka biya ta wurin keken yaro ka ciro hulunan nan biyu ka wanke su. Zan gwada maka wadda ta dace da kowane kunne, in rage maka ƙarar zuwa inda ya kamata, in tura maka Narambaɗa mai tsabta. In kukan gyaren bai daina ba, mu wuce Sakkwato tare, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ni zan biya kuɗin mota. Kuɗin shara da muke ja-in-ja a kansa kowace Muharram na yafe na bana. Naira 15,000 kuwa ban yafe ba, kuma ga shi na rubuta maka da lamba, sai ka taho da su.